In An Sayar da Filin, Ina Makomar Mai Shago? Darasi Daga Cinikin MySQL

 

Batun da zan ɗauko yau, na san wani yana ganin kansa zai ce, to shi kuma wannan me ya haɗa shi da mu? Kamfanonin Turawa suna saye juna a Amurka, ina ruwan mai sayar da riɗi da doya a Agwada? Ka yi haƙuri mai karatu ka biyo ni, domin a 'yan shekarun nan makarantunmu masu zaman kansu, da shagunan magani, da ƙananan asibitoci, da ƙungiyoyin 'yan kasuwa masu tara kuɗin taimakon juna, duk sun fara kwashe lissafinsu daga takarda suna zubawa a kwamfuta. Kuma duk sanda aka kira yaron da zai haɗa abin, magana ɗaya ce ke kashe bakin dattawa: "Alhaji, ai manhajar kyauta ce, aikina kawai za ku biya." Da an ji kyauta sai a yi shiru, ba mai ƙara tambaya. Ni kuwa a ra'ayina a nan ne ma ya kamata tambaya ta fara. Duk wanda ya tashi a zaman baƙunci ya san cewa abin da ke tayar da mai shago shi ne ranar da aka sayar da filin da yake kai. To manhajar kyauta ma tana da mai fili, kuma filin nan ana sayar da shi.

Littafin bashi na kwamfuta

Kowane ɗan kasuwa ya san littafin bashi. Suna a gefe, kaya a tsakiya, kuɗi a ƙarshe, ranar biya a ƙasa. Mahaifina yana da irin waɗannan littattafai cike da akwati, kuma ya fi tsoron ɓatansu a kan ɓatan kayan shagon, domin kaya in sun salwanta ana iya saro wasu, amma littafi in ya tafi, bashin da ke kan mutane ya bi shi. To rumbun bayanai shi ne wannan littafin a cikin kwamfuta. Manhaja ce da aikinta shi ne ta karɓi bayani, ta jera shi, ta adana, ta fito maka da shi da zarar ka tambaya. In ka tura kuɗi ta wayarka, rumbun bayanan banki ne ke ragewa a nan ya ƙara a can. In ka duba sakamakon jarrabawa a intanet, daga rumbu aka zaro maka. Kai hatta wayar da ke aljihunka, akwai wani ɗan ƙaramin rumbu a cikinta mai suna SQLite, kuma a cikinsa saƙonninka na WhatsApp suke kwance.

Irin waɗannan manhajoji kashi biyu ne. Akwai kullallu, irin na kamfanin Oracle da na Microsoft, waɗanda sai ka sayi lasisi, kuma ba ka da ikon leƙa cikinsu ka ga yadda aka ƙera su. Akwai kuma buɗaɗɗu, waɗanda asalin rubutun da aka gina su da shi yana fili, kowa na iya karantawa, ya kwafa, ya gyara, ya raba wa wasu, bisa sharuɗɗan lasisin da aka sake su da shi. Fitattu a cikinsu su ne MySQL da PostgreSQL da MariaDB.

Kada mai karatu ya ɗauka waɗannan sunaye suna nesa da mu. Manhajar WordPress, wadda gidajen yanar sadarwa masu ɗimbin yawa suke kanta, da MySQL ko MariaDB take aiki. Manhajar DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Nowe ke jagorantar gina ta, kuma Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ke tattara alƙaluman asibitocin Najeriya da ita, a kan PostgreSQL take. OpenMRS, wadda ake ajiye bayanan marasa lafiya da ita a asibitoci da dama na Afirka har da Najeriya, a kan MySQL aka gina ta. Ka ga kenan in an yi wa ɗanka rigakafi aka kai lissafin sama, ko matarka ta je awon ciki aka ƙirga ta a rahoton wata, a cikin irin waɗannan rumbuna alƙaluman ke sauka.

Yadda aka yi cinikin

An fara sakin MySQL a 1995. Wani kamfani ne na ƙasar Suwidin mai suna MySQL AB ya gina ta, kuma babban maginin shi ne Michael Widenius, wanda aka fi sani da Monty, mutumin ƙasar Finlan. Sunan 'yarsa My ya sa mata. A shekarar 2000 aka sake ta ƙarƙashin lasisin GPL, wanda ke ba kowa damar amfani da gyarawa, da sharaɗin in ka raba gyaranka ka raba shi a buɗe. Cikin 'yan shekaru ta zama rumbun talaka a duniyar intanet: ɗalibi, ƙaramin ɗan kasuwa, ɗan jarida mai son buɗe shafi, kowa ita yake ɗauka, domin ba ta cin kuɗi kuma ba ta da wuyar koyo.

Kamfanin Oracle kuwa, wanda babbar sana'arsa ita ce sayar da rumbu mai tsada, yana gefe yana kallo. A watan Oktoba na 2005 ya sayi wani ƙaramin kamfani a Finlan mai suna Innobase. Su ne masu InnoDB, wato injin da MySQL ke dogaro da shi wajen ajiyar da ba ta son kuskure, irin ta kuɗi. Kamar a ce abokin gabarka a kasuwa ya je ya saye motar da ke ɗauko maka kaya. A Fabrairun 2006 ya ƙara da Sleepycat, masu wani buɗaɗɗen rumbu da ake kira Berkeley DB.

A farkon 2008 kamfanin Sun Microsystems ya sayi MySQL AB a kan kuɗi wajen dala biliyan ɗaya. Mutane da yawa ba su damu ba, domin Sun yana da suna wajen son buɗaɗɗun manhajoji. Abin da ba a lissafa ba shi ne shi kansa Sun ɗin yana tangal-tangal. A Afrilun 2009 sai ga sanarwa cewa Oracle zai saye Sun gaba ɗaya a kan dala biliyan 7.4. Wato wanda ya sayi filin shi ma an saye shi, kuma wanda ya saye shi ɗin shi ne mutumin da shagonka ya fi tsone wa ido.

Hukumar Tarayyar Turai ta tsayar da cinikin ta yi bincike, musamman saboda MySQL. Shi ma Monty, wanda ya riga ya bar Sun a farkon 2009, ya yi ta gangami yana neman a hana. A Disambar 2009 Oracle ya fitar da alkawura guda goma, ciki har da ci gaba da sakin MySQL ƙarƙashin GPL da ci gaba da kashe kuɗi wajen inganta ta, amma alkawuran na shekara biyar ne. A Janairun 2010 hukumar ta amince, aka kammala ciniki. Masu amfani da MySQL a duniya, daga Indiya zuwa Najeriya, ba wanda aka nemi jin ta bakinsa wajen sa hannu.

Mu 'yan Najeriya bai kamata wannan ya zame mana baƙon labari ba. Wanda ya sayi layin Econet a 2001 ya wayi gari a Vmobile a 2004, sannan Celtel a 2006, sannan Zain a 2008, sannan Airtel a 2010, duk yana zaune a inda yake. Iyayenmu da suka buɗe ajiya a Bank of the North, a 2006 suka tsinci kansu a Unity Bank bayan garambawul ɗin bankuna na zamanin Soludo. Mai ajiya da mai layi suna cikin kayan da aka yi ciniki a kansu, amma ba su a wurin da aka yi cinikin.

Me ake sayarwa, tunda kyauta ce?

Wannan ita ce tambayar da ta fi ɗaure wa mutane kai. In kowa na iya kwafar manhaja ba tare da biyan ko sisi ba, to me aka saya da dala biliyan ɗaya?

Abu na farko suna ne. Kana iya kwafar rubutun MySQL, amma ba ka isa ka gyara ka kira naka MySQL ba, domin sunan mallakar kamfani ne. Kuma ɗan kasuwa ya san darajar suna. Shago in ya yi shekara ashirin a wuri guda, ko an canza mai shi, ƙafafun mutane can za su ci gaba da kai su.

Na biyu haƙƙin mallakar rubutun. Tun asali MySQL AB ya tsara cewa haƙƙin rubutun ya taru a hannunsa, domin ya riƙa sakin manhajar kyauta ga jama'a, yana kuma sayar da wani lasisi daban ga kamfanonin da ba sa son buɗe nasu aikin. Wannan dabara ita ta ciyar da kamfanin, kuma ita ce ta sa aka iya sayar da komai a dunƙule. Wanda ke riƙe da haƙƙin shi kaɗai ke da ikon cewa daga yau sabon zubi zai fito da wasu sharuɗɗa. Oracle ya nuna haka a kan Berkeley DB a 2013, inda ya canza mata lasisi zuwa wani mai tsauraran sharuɗɗa, abin da ya sa masu amfani da ita da dama suka fara neman madadi.

Na uku, wanda a ganina ya fi duka, mutane ne. Manhaja ba dutse ba ce da za a ajiye ta zauna. Kullum ana gano ɓaraka da ɓarayin intanet za su iya bi, kullum ana buƙatar toshewa. Waɗanda suka san lungu da saƙon manhajar ba su da yawa, kuma galibinsu albashi suke ci a kamfanin. Wanda ya sayi kamfani ya sayi lokacinsu, shi zai ce a yi wannan a bar wancan, kuma in ya ga dama ya sallame su. Ko a 2025 an ruwaito Oracle ya rage ma'aikata a ɓangaren MySQL, abin da ya sake tayar da hankalin masu amfani da ita.

Abu ɗaya ne ba ya sayuwa, shi ne abin da aka riga aka saka a hannun jama'a. Zubin da ya fita ƙarƙashin GPL ya fita kenan, ba mai iya janye shi. Don mai karatu ya ga amfanin wannan, ya dubi FoundationDB, wani rumbu da a lokacin zuciyarsa a kulle take. Kamfanin Apple ya saye shi a 2015, nan take aka rufe ƙofar sauke shi, waɗanda suka dogara da shi suka rasa tudun dafawa, sai a 2018 Apple ya ga dama ya sake shi a buɗe. Da a buɗe yake tun farko, da ba a yi musu haka ba.

Dashen rogo

Manomin rogo a nan yankinmu ba ya zuwa kanti sayen iri. Sandar rogon yake sara ya kai wata gona ya dasa, ta fito rogo sak irin na farko. Haka ake yi da buɗaɗɗiyar manhaja in an ga alamar mai gona zai canza hali. Monty da abokan aikinsa sun sari sandar MySQL a 2009 suka dasa, suka kira sabon dashen MariaDB, sunan wata 'yar tasa Maria. Haka wasu suka yi wa manhajar ofis ta OpenOffice, wadda ita ma ta faɗa hannun Oracle a wannan cinikin: a 2010 suka ɓalle suka kafa LibreOffice.

Dashen MariaDB ya kama. A 2013 Wikipedia ta kwashe manyan rumbunanta daga MySQL ta koma MariaDB, don haka duk ɗan uwanmu da ke rubutu a Wikipedia ta Hausa yau, a cikin wannan dashen aikinsa ke ajiye. Manyan masu rarraba babbar manhajar Linux, irin su Fedora da Red Hat da Debian, su ma ɗaya bayan ɗaya suka mayar da ita zaɓinsu na farko.

Sai dai dashe yana son noma. Sara sanda ba wuya, amma ciyawa za ta fito, kuma masu cire ta sai sun ci abinci. An kafa gidauniyar MariaDB a 2012 don kula da buɗaɗɗen ɓangaren, amma mafi yawan maginan suna ƙarƙashin kamfanin kasuwanci mai wannan suna. Kamfanin ya shiga kasuwar hannun jari ta Niyok a Disambar 2022, darajarsa ta faɗi warwas, ya sallami fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikatansa a 2023, sannan a Satumbar 2024 wani kamfanin zuba jari mai suna K1 ya saye shi a kan kuɗin da bai kai dala miliyan 40 ba. Wato wanda ya gudu daga filin da aka sayar, shi ma an zo an yi cinikin inda ya koma. Manhajar tana nan a buɗe kuma ana ci gaba da gina ta, amma darasin ya fito fili: muddin kamfani ɗaya ne ke ɗauke da nauyin abu, to akwai ranar da za a yi masa kuɗi.

Wani lokacin ma ba sai an sayar da kamfanin ba. Ya isa a ce masu zuba jari sun matsa suna son riba. MongoDB ya canza lasisinsa a 2018, Elastic ya bi a 2021, Redis ya bi a Maris na 2024. Shi Redis, wani ɗan Italiya ne, Salvatore Sanfilippo, ya ƙirƙire shi a 2009, daga baya haƙƙin sunan ya koma hannun kamfani. Ko wata guda ba a yi da canza lasisin ba, aka sari sanda aka dasa Valkey ƙarƙashin gidauniyar Linux. Elastic a 2024, da Redis a 2025, duk sun dawo sun ƙara buɗaɗɗen lasisi a cikin zaɓinsu, amma waɗanda suka riga suka tashi da yawa ba su dawo ba. Mai shagon da aka taɓa watsa wa kaya waje ba ya mantawa.

Filin da ba shi da mai shi ɗaya

Yanzu mu dubi PostgreSQL. Asalinta aikin bincike ne da Farfesa Michael Stonebraker ya fara a Jami'ar Kalifoniya a 1986, ta ɗauki sunan da take da shi yanzu a 1996. Babu kamfanin da ya mallake ta. Masu gina ta suna warwatse a kamfanoni daban-daban da ƙasashe daban-daban, kuma suna da ƙa'idar cewa kada ma'aikatan kamfani ɗaya su zama mafi rinjaye a kwamitin da ke jagoranci.

An gwada wannan ƙa'ida a 2020, lokacin da kamfanin EDB ya sayi 2ndQuadrant, dukkansu manyan masu hidimar PostgreSQL. Cinikin ya sa uku daga cikin mutum biyar na kwamitin suka zama ma'aikatan gida ɗaya. Ba a yi wata-wata ba aka ƙara mutum biyu daga wasu kamfanoni, rinjayen ya karye. Microsoft ya sayi Citus a 2019, Databricks ya sayi Neon a 2025, Snowflake ya sayi Crunchy Data shi ma a 2025, duk kamfanoni ne da ke sana'a da PostgreSQL. An sayi shagunan da ke bakin kasuwar, amma kasuwar kanta ba ta da wanda zai sa hannu ya sayar da ita. Wannan shi ne bambancin, kuma ba a allon kwamfuta ake ganinsa ba, a tsarin mallaka yake.

A yi wa ɗaya ɓangaren adalci

Ba zan yi kamar babu hujja a wajen masu sayarwa ba. Ni ɗan ɗan kasuwa ne, ban isa in ce mutum ya yi shekara goma sha uku yana gina abu sannan a hana shi sayarwa ba. Kuma Oracle bai kashe MySQL ba kamar yadda aka yi ta tsoro. Ya fitar da zubi na 5.6 a 2013, da 5.7 a 2015, da 8.0 a 2018, kuma masana da yawa sun yarda an samu ci gaba na gaske, har yau kuma akwai zubin kyauta ƙarƙashin GPL. Su ma su MongoDB da Redis suna da ƙorafinsu: manyan kamfanoni masu ba da hayar uwar garke ta intanet suna ɗaukar manhajarsu kyauta suna sayar da hidimarta, suna kwashe riba, su kuma magina suna kallo. Duk wanda ya taɓa noma wani ya zo ya saye amfanin a bakin gona da arha ya kai birni, zai fahimci wannan zafin.

Saboda haka ba cewa nake duk mai saye mugu ne ba. Abin da nake cewa shi ne kyautatawarsa ganin damarsa ce. Sabon mai fili na iya zama mutumin kirki, ya ma gyara maka rufin shago. Amma in zamanka ya rataya a kan kirkinsa, to ba ka da tabbas, domin gobe magada ne za su zo, ko wani mai sayen. Oracle ɗin da ya inganta MySQL shi ne ya ware wasu kayan aiki a 2011 ya ce sai mai biyan kuɗi, kuma shi ne ya daina sakin OpenSolaris a buɗe a 2010. Hannu ɗaya ne ya yi duka biyun.

Me ya sa abin ya fi shafarmu

Babban banki a Legas in aka canza masa sharuɗɗa, yana da lauyoyi da injiniyoyi da kuɗin ƙaura. Makarantar unguwa mai ɗalibai ɗari uku ba ta da ko ɗaya. Sannan lasisin waje da dala ake biyansa. A farkon 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati tana wajen naira 460, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,500. Abin da Bature zai kira ɗan ƙarin kuɗi, a wajenmu rufe shago ne. Ga kuma Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023, wadda ta ɗora alhakin tsare bayanan mutane a kan wanda ya tattara su. In kana zaune a kan tsohon zubin da aka daina toshe wa ɓaraka, aka sace bayanan ɗalibai ko na marasa lafiya, kai za a tambaya, ba wani kamfani a Kalifoniya ba.

Don haka ga shawarata ga shugabannin ƙungiyoyinmu da masu makarantu da shagunan magani, kuma ba sai mutum ya iya kwamfuta zai yi aiki da ita ba.

In an ce maka kyauta ce, ka tambaya: wane rumbu ne a ƙarƙashi, kuma wa ke da shi? Kamfani ɗaya ne, ko gidauniya, ko jama'a da yawa? In duk biyun za su yi maka aikin, ka ɗauki wanda masu shi suka fi yawa. Wannan ba yana nufin wanda ke kan MySQL yau ya tashi a firgice ba. Yana nufin ya san a kan filin wa yake zaune.

Sannan ka tambayi hanyar fita tun ranar shiga. Ka tuna cewa kafin Afrilun 2013, in kamfanin layinka ya ɓata maka rai, barinsa na nufin rasa lambar da duk abokan cinikinka suka sani. Da hukumar NCC ta kawo tsarin sauya layi da lambarka, sai mai waya ya samu bakin magana. To haka bayananka. Ka sa yaron da ya haɗa maka ya fitar da su gaba ɗaya a fasalin da kowace manhaja za ta iya karantawa, ya buɗe su a wata kwamfuta daban a gabanka, ka ga sunayen da lissafin da idonka. A riƙa yin haka a kai a kai, a ajiye kwafi a hannun ma'aji ko sakatare, ba a wayar yaron kaɗai ba. Ƙananan lissafi masu muhimmanci, kamar bashi da ajiyar mambobi, a buga su a takarda duk ƙarshen wata. Kuma a rubuta yarjejeniya da shaidu cewa bayanan da kalmomin sirri na ƙungiya ne, domin yaron nan ma yana iya samun aiki a Abuja ya tafi, ka ga shi ma wani ya saye lokacinsa kenan.

Ga 'yan uwana matasa masu koyon wannan sana'a, a Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi ne ko a shagon wani ko a waya: ku koyi yaren SQL kansa, wanda su MySQL da PostgreSQL da MariaDB duk ke ji, kada ku tsaya a kan sunan kamfani ɗaya. Wanda ya iya lissafi zai yi ciniki a kowace kasuwa. In kuna gina wa mutane abu, ku guji dabarun da rumbu ɗaya kaɗai ke da su sai in dole, domin su ne ke ɗaure ƙafa ranar tashi. Ku riƙa karanta lasisi kamar yadda iyayenmu ke sa a karanta musu takardar haya. Kuma kada mu tsaya a ɗiba kawai. Ana iya fassara bayanin manhaja zuwa Hausa, ana iya kai rahoton kuskure, ana iya koya wa na baya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma abin da hannaye da yawa ke riƙe da shi ya fi wuyar sayarwa.

Kakanninmu da suka bi hanyoyin fatauci suka kafa zango a garuruwan mutane ba su ƙi zama a filin wani ba, da sun ƙi da ba mu zo nan ba. Amma sun san sunan mai masaukinsu, sun san halinsa, kuma ba su taɓa ba shi ajiyar littafin bashinsu ba. Iyakar abin da nake roƙo mu yi da kwamfuta kenan. In ka ga gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, ka shafa wa naka ruwa.

Wanda ke da wata fahimta daban, musamman waɗanda suka fi ni sanin wannan fanni, ƙofa a buɗe take. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya tsare mana amanar da mutane suka ba mu. Sai mun sake haɗuwa.

Wassalam, daga ɗan uwanku a Agwada.